Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Layin da Na Rubuta wa Kafa ta 17

Makon jiya na tsaya a inda aka damƙa mini makullin ɗakin na'urori, bayan wata takwas ina bin maigidana da jakar kayan aiki. Yau zan faɗi abin da na yi da wannan amana, abin da har yanzu in na tuna nake jin nauyinsa a ƙirji.

Suwic ɗin da ke haɗa kwamfutocin bene na biyu ƙirar Cisco ne mai kafa 48, wato ramukan da ake cusa wayoyin kwamfuta, irin wanda ake shiga cikinsa a ba shi umarni. Saitinsa iri biyu ne. Akwai na gama-gari da ake rubutawa sau ɗaya ya hau kan kafofi duka, akwai kuma wanda ake rubuta wa kafa guda ita kaɗai. In suka saɓa, na kafar ake bi.

A saitin gama-gari maigidana ya kunna wani mai gadi. Saƙon Ethernet, wato tsarin da kwamfutoci ke magana da juna ta waya, ba shi da wa'adin mutuwa, don haka in waya ta yi zobe, saƙo ɗaya zai yi ta zagaye yana ninkuwa har ya toshe hanya gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne tsarin da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mayar ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. Kowane daƙiƙa 2 suwic na aika ɗan saƙo mai suna BPDU don gano zobe. Kafar da aka ware wa kwamfuta bai kamata irin wannan saƙo ya shigo ta cikinta ba, in kuwa ya shigo, mai gadin sai ya rufe ta nan take.

Kafa ta 17 ta yi ta rufewa sau uku cikin mako ɗaya. Ashe ma'aikatan wani ofis ne suka jona ƙaramin suwic nasu, shi ma mai aika BPDU. Shugabar ofishin ta same ni ranta a ɓace. "Don Allah ka taimake mu, aikinmu ya tsaya cik," in ji ta. Maigidana ya yi tafiya. Ni kuma ina son a san na iya.

Na shiga kafar na rubuta mata layi ɗaya, umarnin bpdufilter. Fitila ta koma kore, aka yi mini godiya, na adana saitin yadda ko wuta ta ɗauke ba zai goge ba. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne, wannan umarni fuska biyu gare shi. In a gama-gari aka sa shi, da zarar BPDU ya shigo sai kafar ta koma bin ƙa'ida. In kuwa a kan kafa aka rubuta shi, kafar ta zama kurma kuma bebiya, ba ta aikawa, ba ta sauraro, mai gadin ma ba ya ganin komai. Ban rubuta bayani a kan kafar ba, ban sa a littafin aiki ba, ban gaya wa kowa ba.

Bayan wata biyar aka ɗauke wancan ƙaramin suwic, aka kawo wani wanda bai san komai game da zobe ba. Dalilin layina ya tafi, layin yana nan daram. Wata safiya wani ya ga waya a ƙasa, da kyakkyawar niyya ya cusa bakinta a kafar da ya gani babu komai a jikin sabon ƙaramin suwic ɗin, alhali ɗaya bakin ma yana cikinsa, sai wayar ta yi zobe.

Ban taɓa ganin fitilu suna ƙiftawa tare haka ba, duka 48 kamar ana kaɗa musu ganga. Wayoyin tarho na ofis suka mutu, firinta ta tsaya, ko shiga na'urar daga nesa ya gagara. Maigidana ya jona kwamfutarsa kai tsaye, ya duba saitin gama-gari, ya ga mai gadi a kunne. "Ba zobe ba ne, da ya rufe kafar," ya ce, ya koma neman matsalar a wani wuri. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Mutum ne mai ilimi, ya yi hukunci daidai da abin da ya gani, ni ne na ɓoye masa sauran.

Kusan awa biyu ina tsaye a bayansa kafin abin ya faɗo mini. Bakina ya bushe. Na ce, "Yallaɓai, a duba kafa ta 17."

Ya buɗe saitinta, ya karanta layin, ya yi shiru. Ya rufe kafar da hannunsa, nan da nan fitilu suka lafa. Bai ɗaga murya ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Ni ne, yallaɓai."

"In an tashi aiki ka same ni, ka zo da littafin."

Abin da ya faru a wannan zama, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.