Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Na Sama Bai San Ƙaya Ba

Makon jiya na yi alkawarin yau zan shiga labarin tafiyata Ikko. Ku gafarce ni, ba zan iya ba. Tun da na ambaci gwangwanin taba da Baba ke ajiye lambarsa ta yaƙin Bama a ciki, barci ya ƙaurace mini.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da ba ta barin bakinsa: "Na sama bai san ƙaya ba." Muna yara mun ɗauka masu kuɗi yake nufi, Inna kuma ta ce da Baffa yake. Sai da na yi furfura na gane mutanen cikin jirgi yake nufi.

Kafin ya sa kaki, lebura ne a filin jirgin Kano, yana mirgina durom-durom na mai. A lokacin ana haɗa jiragen yaƙi a bakin teku a ƙasar Gana ta yanzu, su biyo ta Kano da Maiduguri su wuce Hartum. Daga baya a Indiya ya ji labarin wasu Amurkawa da suka zana bakin kifi mai haƙora a hancin jiragensu, waɗanda ake ba su kuɗi a kan kowane jirgin Japan da suka kaɓo. Wannan kuɗin ne ya tsaya masa a rai har ya koma ga Allah.

Bara autana ya zaunar da ni gaban kwamfuta muka bi diddigi. Ashe su ne ake kira Flying Tigers, wato damisoshi masu tashi. 'Yan sa kai ne, matuƙa wajen 100 da makanikai da sauran ma'aikata wajen 200, da suka ajiye aikin sojan ƙasarsu a 1941 suka tafi taya Sin yaƙi da Japan, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba. Ƙaramin matuƙi dala 600 yake ɗauka a wata, ga dala 500 a kan kowane jirgi. Baba kuwa sule ɗaya ya ce ake ba shi a yini, da kaya a ka, matsattsaku na shan jininsa a dajin Kaladan. Da na ga lissafin nan sai na tashi na fita tsakar gida, don kada yaron ya ga idona.

Na so in ƙi shugabansu, amma na kasa. Sunansa Claire Chennault, mutumin Luwiziyana, yaransa suna ce masa Tsoho. A 1937 ya bar sojan sama yana kyaftin kawai, kunne ya yi nauyi, ƙirji ba lafiya, manyansa kuma sun gaji da nacinsa a kan ƙananan jiragen faɗa. Shi ne ya tafi Sin ya zama mai ba Chiang Kai-shek, jagoran Sin na lokacin, shawara. Baba ma kunnensa na hagu a Bama ya baro shi. Sai ka zagayo ta dama, ka ɗaga murya, sannan ya ce, "Na'am, ɗan nan?" Baffa ya riƙa yi masa dariya a kan haka a gaban baƙi, ban manta ba.

A Tungu, cikin Bama, Tsoho ya horar da su. Jirginsu P-40 yana da nauyi, na Japan kuwa shafal ne, yana juyi kamar tsattsewa. Ya ce musu kada wanda ya yi gasar juyi da Bajapane: ku hau can ƙololuwa, ku faɗo kamar shaho, ku yi ɓarin wuta, ku wuce, kuma ku riƙa tafiya bibbiyu. Ranar 20 ga Disamba 1941 suka fara gwabzawa kusa da Kunmin ta ƙasar Sin, bayan kwana uku kuma a saman Rangun, babban birnin Bama na lokacin. An lissafa musu jirage 296, ko da yake masu binciken baya da suka duba takardun Japan sun ce adadin bai kai rabin haka ba. Ko nawa ne, da jiragen da ba su wuce 100 ba suka fara, ana cire ƙarfen wannan a liƙa wa wancan. A farkon 1942 har Ankara ta Gana wasunsu suka zo ɗaukar sababbin jirage suka ratsa Afirka da su. Ni zuciyata ta ba ni Baba ya mirgina musu mai, ko Yaya ta yarda ko kada ta yarda.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mutanen ƙauyukan Sin da aka baza da waya da rediyo. Da sun ji rugugin jirgin Japan sai su buga, labari ya isa kafin jirgin ya iso. Da na ƙasa Tsoho ya ci yaƙinsa, kuma ya san haka. Na so a ce Baba na raye in ce masa, "Baba, ga wani na sama guda ɗaya da ya san ƙaya." Na san abin da zai yi: zai juyo mini da kunnen dama, ya ce in sake faɗa.

A Bama bai gamu da su ba. An rushe ƙungiyar ranar 4 ga Yuli 1942, matuƙa biyar kaɗai suka zauna tare da Tsoho, su Baba kuwa, runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, sai 1943 ta sauka Indiya. Su ma damisoshin sai 1991 gwamnatinsu ta amince cewa aikin soja suka yi. Sun jira shekara kusan hamsin, amma dai an kira sunansu. Baba ba wanda ya kira shi. Abin da ya dawo da shi lambar nan ce mai siffar tauraro, da ƙyallenta mai ja a tsakiya, wadda yake gogewa da toka da lemon tsami duk jajibirin salla.

Ita ce Baffa ya haɗa da tsofaffin tukwane ya auna wa mai gwangwan, ko sadakar bakwai ba a yi ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "Kai yaro, ƙarfe ne fa." 'Ya'yansa suna karanta wannan shafi, na sani. Gwangwanin tabar yana nan cikin akwatina, ba komai a ciki.