Word yana bugawa, Tally ya ƙi: inda matsalar fotokwafi take ɓuya

A ofisoshin dillalai na Adum da shagunan sari na kewayen Kejetia a Kumasi, kukan kusan ɗaya ne. Injin fotokwafi yana kwafi lafiya lau, wasiƙa daga Word tana fita, amma da an tura rasit daga manhajar lissafi irin su Tally ko QuickBooks ko Sage, sai shiru. Ko injin ya yi ta ƙifta jar fitila, ko aikin ya ɓace ba labari. Nan take Alhaji zai ce a kira mai gyara ya buɗe inji. A ajiye sukudireba tukuna. Injin da ya buga wasiƙa ɗazun nan ba abin da ya sami gangarsa ko hitarsa. Cikas ɗin yana cikin saƙon da manhajar ta aika masa.

Ka fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. A cikin manhajar, zaɓi Microsoft Print to PDF a madadin injin, ka buɗe fayil ɗin ka duba. In tun a nan rasit ɗin ya fito a yanke, gyaran yana cikin tsarin rasit na manhajar. In ya fito daidai, kuma ka tura shi inji ya buga, to rigimar tsakanin manhajar da direban injin take, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa kwamfuta da inji. Kwastoma ya karɓi takardarsa ya tafi, kai kuma ka zauna bincike.

Girman takarda shi ne babban mai laifi. A Gana A4 muke sawa a tire, milimita 210 da 297. Amurka Letter suke amfani da ita, 216 da 279. QuickBooks na Amurka da Letter yake zuwa, haka ma direba in an saita Windows a kan yankin Amurka. Ƙaramin firinta na tebur bugawa kawai yake yi, bai damu ba. Babban inji kuwa yana da taurin kai: an ce masa Letter, ya duba tire ya ga A4, sai ya tsaya yana jiran takardar da babu ita a ofishin, ayyukan kowa su yi layi a bayansa. Saƙon yana nan a allon injin, sai dai ba wanda ke tashi daga kujera ya je ya karanta. Wani lokaci kuma yana bugawa, amma milimita 18 na ƙasan shafi su tafi, daidai wurin jimillar kuɗi da sa hannu. A wuri uku ake gyarawa, kuma dole su yi baki ɗaya: saitin tire a jikin injin, direba a kwamfuta, da tsarin rasit a manhajar. Injinan gwanjo da suka fito daga Amurka sukan zo suna auna takarda da inci, sai an juya su zuwa milimita kafin tiren ya gane A4.

A direban ma akwai tarko. Saitin da ka canza a Printing Preferences naka ne kai kaɗai. Manhajar da ke aiki daga saba, wato babbar kwamfutar ofis, ko da sunan wani mai amfani ba ta ganinsa. Shiga Printer Properties, shafin Advanced, ka danna Printing Defaults, ka sa A4 a can ma. Sannan ka rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa, don wasu sau ɗaya suke karanta saitin, lokacin tashi.

In aikin ɓacewa yake yi, Windows ta ce ya tafi, inji bai ko motsa ba, ka tambayi ko an sa wa injin lambar sirri don a san wa ke cinye takarda. Canon na kiran tsarin Department ID, Ricoh User Code, Kyocera Job Accounting, Konica Minolta Account Track. Daga Word ƙaramin akwati kan fito ya nemi lambar. Daga manhajar lissafi sau da yawa ba ya fitowa, ko ya maƙale a bayan taga, aikin ya isa inji ba lamba, injin ya zubar da shi. Tarihin ayyuka a allon injin zai tona asiri. A Canon za ka ga #701 a gefen aikin. Ka rubuta lambar dindindin a cikin direba, ka kashe neman tabbaci a kowane bugu.

Mai cin kuɗi kuwa shi ne ranar da injin ya kama fitar da shafi bayan shafi, kowanne da layi ɗaya na rubutun aljanu a sama. Kafin ka ankara rabin rim ya tafi. In layin ya fara da %!PS-Adobe, direban PostScript aka sa wa injin da ba shi da wannan yaren. Zare tiren tukuna, ka soke aikin a allon injin. A kwamfuta, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, rubuta net stop spooler, share duk abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, sannan net start spooler. In ka tsallake wannan, kana mayar da tiren, inji zai ci gaba daga inda ya tsaya. Daga nan sai ka sauko da direban da ya dace daga shafin kamfanin: UFR II ko PCL6 ga Canon, KX ga Kyocera. Tsohuwar manhajar da ke jawo saƙon PCL XL error kan zauna lafiya da direban PCL5e. Ba laifi ka girka injin sau biyu, ɗaya don manhajar lissafi kaɗai.

Masu Tally da suka baro firintar dot matrix irin Epson LX-300 su duba tsarin bugu a ƙarƙashin Alt+P. In har yanzu yana kan na dot matrix, a mayar da shi Neat Mode.

Sai batun ECG, kamfanin wutar lantarki. An ɗauke wuta, an dawo da ita, rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutoci da inji, ta ba injin sabon adireshin IP. Wani yaro a ofis ya sake girka shi, Windows ta ƙara masa Copy 1 a suna. Word ya bi sabon, manhajar lissafi tana nan riƙe da tsohon suna, tana aika aiki gidan da aka tashi. Ka ba injin adireshi tsayayye wanda rauta ba ta rabawa, ka haɗa shi ta Standard TCP/IP a kan Port 9100 maimakon WSD, hanyar da Windows ke gano inji da kanta, ka goge tsohon, ka kashe Let Windows manage my default printer. QuickBooks yana ajiye tsohon saitin a fayil QBPrint.qbp, cikin C:\ProgramData\Intuit. Rufe QuickBooks, canza wa fayil ɗin suna, zai ƙirƙiri sabo.

Masu fitar da rasit na E-VAT, wato rasit ɗin harajin VAT na kwamfuta na hukumar haraji ta GRA, su sa ido kan lambar QR. Tsimin tona yana sa ta fito toka-toka, rage girman shafi yana matse ta, waya ta kasa karantawa. A kashe tsimin, a bar girma a kashi 100, a buga da 600 dpi. Da damina kuma, in takarda ta kwana a buɗe ta sha danshin Kumasi, tona ba ya kama ta sosai. Kafin a sayi sabon kwalin tona, a gwada rim ɗin da yanzu aka yage ledarsa.