Wasiƙa daga New York: faifan Benny Goodman na 1938

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya sanyi? Mu dai nan New York ƙanƙara ta hana mu sakat, sai zaman ɗaki da jin tsofaffin faifai, kuma akwai guda ɗaya da nake so ku nema a YouTube ko da datar ta ƙare.

Wasan da Benny Goodman ya yi ne a Carnegie Hall, wani babban zauren kiɗa a nan New York, ranar 16 ga Janairu 1938. Shi mabushin kilarinet ne, wani abin busa baƙi dogo kamar algaita sai dai muryarsa ta fi taushi. Ɗan Yahudawa talakawa ne daga Chicago, kuma a lokacin wannan zaure na masu kiɗan gargajiyar Turawa ne, kiɗan jaz kuwa kallon na gidan rawa ake masa. An ɗauki sautin aka ajiye aka manta, sai 1950 kamfanin Columbia ya fitar da shi.

Sarkin suwing, wani salon jaz na rawa, suke ce masa, ni kam wannan sarauta ban gama yarda da ita ba. Kiɗan na baƙar fata ne, Fletcher Henderson baƙi shi ya tsara masa da yawa daga waƙoƙin da suka ɗaga shi, shi ma bugi-wugi da ya yi a Roll 'Em, wanda hannun hagu ke ta nanata kiɗa ɗaya a piyano ba hutawa, Mary Lou Williams, ita ma baƙar fata, ce ta rubuta masa a 1937. Amma fa gaskiya mutumin ya iya busa wallahi, kuma ya yi abin da da yawa suka ji tsoro, lokacin da a kudancin Amurka baƙi da fari ko ruwa ba sa sha a famfo ɗaya shi ya hau dandali da makaɗa baƙar fata Teddy Wilson da Lionel Hampton, a daren nan ma har Count Basie da Lester Young, su ma makaɗa baƙar fata, sun shigo an yi tare.

In ba ku da lokaci ku tsallaka zuwa Sing, Sing, Sing kawai, ya haura minti 12. Gene Krupa na ta dukan ganga kamar zai fasa, can wajen ƙarshe sai Jess Stacy ya shigo da piyano a hankali, kowa ya yi tsit. Ku sa iyafis, sifikar waya ba za ta fito da shi ba.

A gaida mutan gida, sai na ji daga gare ku.