Lanƙwasa ƙarfen gefe, aikin da ya fi cin lokacina wajen haɗa siki

Mutane da yawa suna zaton fere katakon ciki ko shafa ifoksi, wato gam mai ƙarfi da ake damawa, shi ne babban aiki wajen haɗa siki (dogayen siraran alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa) ko allon zamiya a kan dusar ƙanƙara. A wurina kam, siririn ƙarfen nan da ke zagaye gefen tafi, wato ƙasan sikin da ke taɓa ƙanƙara, shi ne mai cin rai. Ranar da zan lanƙwasa shi ba na haɗa ta da wani aiki, kuma ƙa'idata ɗaya ce: sai ƙarfen ya kwanta a jikin samfurin katako mai siffar sikin da kansa, babu kilam (abin matsewa) babu gam, sannan in yarda na gama.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, faɗin bakinsa bai wuce milimita 2 ba. Idan ka yanke shi ka dubi wurin yankan, za ka ga siffar harafin L. Ɓangare mai kauri shi ne ke cizon ƙanƙara idan an karkata za a yi kwana. Ɗaya ɓangaren falle ne siriri da aka huhhuda ya zama jerin haƙora, su ne suke nutsewa cikin ifoksi su riƙe ƙarfen a jikin siki. Ledar tafi, wadda masu sana'ar ke kira P-Tex, kaurinta wajen milimita 1.2 zuwa 1.4, tana zama daidai cikin lungun L ɗin, ta yadda tafi da ƙarfe za su zama shafe ɗaya a ƙasa. Taurin ƙarfen yakan kai 48 a ma'aunin Rockwell C. Wannan taurin ne ke sa bakin ya daɗe da kaifi, shi ne kuma ke sa ya yi maka gardama a kan tebur.

Da can ba a san wannan wahala ba. Ƙarfen gefe na farko, wanda Rudolf Lettner ɗan ƙasar Ostiriya ya ƙirƙiro a shekarun 1920, guntu-guntu ne ake jerawa a ɗaure da ƙananan sukurori a jikin katako. Sai daga baya, musamman bayan da Howard Head ya fito da sikinsa a Amurka a 1950, dogon ƙarfe ɗaya da ake mannawa daga kai har wutsiya ya zama ruwan dare. Siki ya ƙara lafiya a kan ƙanƙara, amma mai haɗawa a gida ya gaji aikin lanƙwasa.

A tsakiyar siki babu abin damuwa. Ƙugun nan da ake rage wa faɗi baka ne mai buɗi sosai, na siki yakan kama daga mita 14 zuwa 20 a rabin faɗin da'irarsa, na allo kuwa wajen mita 7 zuwa 9, don haka ƙarfen yana bi ba tare da an tilasta masa ba. Kai da wutsiya ne wurin aikin, inda baka yake tsukewa ya koma 'yan santimita.

Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shi ne ƙarfen nan yana da halin sifirin. Ka lanƙwasa shi kaɗan ka saki, sai ya miƙe kamar ba a taɓa shi ba. Sai ka wuce wani mizani kafin lanƙwasar ta zauna, kuma ko a nan ma, da ka saki zai ɗan ja da baya. Saboda haka kullum sai ka zarce inda kake so, ya dawo ya same ka. Yawan zarcewar kuwa hannu ne ke koyonsa, shi ya sa nake ajiye guntayen da suka ragu in gwada a kansu kafin in taɓa na gaske.

Kayan aikina filaya ce da na gyara bakinta da giranda: gefe ɗaya yana da tudu biyu da rami tsakaninsu, ɗaya gefen yana da tudu guda da ke faɗawa cikin ramin. Kowane matsi yana ba da 'yar lanƙwasa da ido bai cika gani ba. Nakan ɗora ƙarfen a jikin samfuri, in sa alama da alƙalamin maka a daidai wurin da ya fara rabuwa da katakon, in koma baya da haƙori ɗaya, in matsa. In matsa gaba da haƙori ɗaya ko biyu, in sake matsawa. Bayan 'yan matsi sai in mayar da shi jikin samfuri in duba. Haka ake tafiya, a hankali, har a zagaye kan. Wanda ya yi gaggawa ya danna da ƙarfi a wuri ɗaya, gwiwa zai samu maimakon baka, kuma gwiwa ba ta gyaruwa sarai. Ko ka miƙe ta, tabonta na nan, wurin kuma ya yi rauni. Ƙara lanƙwasa abu ne mai sauƙi, warware ta ne ke gajiyar da ƙarfe.

Akwai masu haɗa na'ura da boris uku, biyu a kafe, na ukun ana matso da shi da noti, sai a riƙa zura ƙarfen yana wucewa tsakaninsu. Ga allo mai zagayayyen kai wannan ya fi filaya, domin bakan yana fita sumul. Amma kan siki ba da'ira ɗaya ba ce, bakansa yana canjawa daga kafaɗa zuwa tsini, don haka ko na fara da boris, da filaya nake ƙarasawa.

Wani abin da ke ɓata wa sabon shiga rai shi ne murɗewa. Da yake gefe ɗaya na ƙarfen ya fi ɗaya kauri, idan kana lanƙwasa shi yakan so ya juya, haƙoran su ɗaga sama ko su duƙa. Shi ya sa duk lokacin da na gwada shi a samfuri, nakan kuma kwantar da shi a kan gilashi in danna da yatsa. Idan wani wuri yana rawa, nan take nake kama shi da filaya biyu in murɗa shi ya dawo, kafin in ci gaba. In ka bari sai ƙarshe, gyaran murɗar zai ɓata bakan da ka sha wahala a kai.

Batun zafi kuwa, masu wannan aiki sun rabu biyu. Idan ka hura wa ƙarfen wutar gas har ya yi ja-ja mai duhu, ka bar shi ya huce a iska, zai yi laushi ya bi hannunka ba musu. Kada dai a tsoma shi a ruwa, domin sai ya yi taurin da zai karye. Hujjar masu yin haka ita ce tsinin kai ba ya cizon ƙanƙara, to me za a yi da taurinsa? Gaskiya ne, amma ni ban cika so ba. Na farko, zafi ba ya tsayawa inda ka sa shi, yakan gangaro zuwa kafaɗa, wurin da ake bukatar kaifi ƙwarai. Na biyu, ƙarfen yana zuwa ne daga masana'anta an goge shi da yashi an kuma shafa masa sinadarin da ke sa ifoksi ya kama, wuta kuwa tana ƙone wannan shafin ta bar baƙin ɓawo. In ba ka kankare shi tas da sanfefa ba, nan ne siki zai fara ɓarewa ranar da ya daki dutse. Ba na kunna wuta sai bakan ya tsuke har filaya ta kasa, kuma nakan naɗe sauran ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma don zafin ya tsaya.

Wannan shafin ne ma dalilin da ya sa ba na taɓa ƙarfen da hannu tsirara. Maiƙon yatsa ya isa ya hana gam kamawa, ga kuma tsatsa. Safar hannu dole ce, haka ma tabarau, musamman lokacin kwance naɗin ƙarfe sabo, domin yana iya fizgewa ya tsone ido.

Ba dole ne ƙarfen ya zagaye kan gaba ɗaya ba. Masu haɗa siki da dama suna tsayar da shi 'yan santimita bayan inda tafi ya bar ƙasa, su cike sauran da roba. Ya fi sauƙi, kan ma ya fi rashin nauyi. Allo kuwa yawanci zagaye shi ake yi duka, kuma ni ma na fi son haka, don gefunansa suna shan karo a layin jiran na'urar hawa dutse. In za a zagaye, wurin haɗuwar bakin ƙarfen biyu nake ba magagari lokaci har su sumbaci juna, domin 'yar kafa kaɗan ta ishi ruwa ya shiga, ya daskare, ya buɗa ta.

Dalilin nacewata a kan ƙarfe ya kwanta da kansa yana bayyana ne wajen mannawa. Sufa gulu ake ɗigawa a kan haƙori ɗaya a tsallake uku ko huɗu, ɗigo ƙarami, don kawai ya riƙe ƙarfen kafin a kai shi injin matsa; in ya yi yawa sai ya toshe wa ifoksi hanya. Ledar tafi kuma ba ta da ƙarfin da za ta yi jayayya da ƙarfe. In ka tilasta shi da kilam ka manna, da ka kwance zai ja ledar ta karkace, siki ya fito gefe ɗaya ya fi ɗaya baka. Ledar ma kanta tana miƙewa da zafi ta tsuke da sanyi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba. Saboda haka nakan bar su su kwana a ɗaki ɗaya, in yanka ledar a ranar da zan manna, in danne ta a kan samfuri, in riƙa manna gefen dama da na hagu tare, daga tsakiya zuwa kai, sannan daga tsakiya zuwa wutsiya. Bayan gam ya bushe sai in auna faɗin kai da ƙugu da wutsiya daga layin tsakiya, in kuma ɗora tafin ɗaya a kan ɗan'uwansa in ga ko sun yi daidai kafin in dama ifoksi.