Kafin ka ce hoton tsuntsaye ya lalace

Ƙannena masu koyon ɗaukar hoto a Yamai, idan aka nuna muku hoton tarin tsuntsaye ya fito dishi-dishi, kada ku yi saurin yanke hukunci. Ku fara da tambayar mai shi: da gangan ne, ko kuwa kuskure aka yi?

Ni ban yi wannan tambayar ba. Wani yaron unguwarmu ya kawo mini hoton balbelu suna komawa makwanci dab da magariba, kusa da gadar Kennedy. Fukafukai sun ja fari-fari a kan ruwa. Kallo ɗaya na yi, na ce masa hannunsa ya yi rawa, ya koma ya sa saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a kan 1/1000 na sakan. Ya ce, "To Yaya, na gode." Bai ƙara nuna mini aikinsa ba, abin kuma yana damuna har yau, domin shi ne da gaskiya. Ginshiƙan gadar sun fito tsaf a hoton, ni ne ban duba ba.

Abin da ba ya motsi shi ne shaidarku. Idan gada da itace da kwalekwale duk sun ja gefe guda, ko sun fito biyu-biyu, rawar hannu ce. Idan sun tsaya daram tsuntsaye kaɗai suka ja, mai hoton ya rage saurin ɗauka zuwa 1/30 ko 1/15, ya kafa kyamara a kan mai ƙafa uku ko ya jingina da bango. Akwai kuma wanda ke bin tsuntsu da kyamara yana ɗauka: abin da ke bayan tsuntsun sai ya zama layi-layi a kwance, kan tsuntsun ya fito, fukafukai su narke. Wannan ya fi wuya, kuma shi na fi so. Dishi-dishin da bai nufi ko'ina ba, saiti ne ya kuɓuce.

Daga nan ku nemi inda ido zai sauka. Ko kan tsuntsu ɗaya ne, ko wuya, ko siffar tarin gaba ɗaya. Jan-baki, da manoman gero ba sa ƙaunar gani, idan suka taso sai ka ce hayaƙi, a nan siffar kaɗai ta isa. Shamuwa kuwa babba ce, in babu kai a hoton da wuya a gane ta.

Ku duba haske ma. Balbela fara ce, idan kyamara ta daɗe a buɗe da rana tsaka farin yakan ƙone, ba gashi ba inuwa. A nan gyara ya halatta: ku ce ya sauke ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 100, ya tsuke ƙofar haske zuwa f/16, ko ya jira rana ta yi sanyi. Ku nuna masa wurin da yatsa a kan allon, sannan ku nemi ya buɗe sauran hotunan da ya ɗauka a wannan yammacin ku duba tare.