Shekara mai awa 20

Garwa, daren Talata, cikin Afirilu.

Tun hantsi aka ɗauke wuta. Kafin la'asar ƙanƙarar da na daskarar jiya ta koma ruwa, zoɓo da lemun citta sun yi ɗumi a firiza, ba mai saye. Na raba wa yaran makwabta, ina lissafin asarar a zuci.

Bayan lisha muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, don ɗaki ba ya shiguwa. Ina fifita ina mitar zafi, sai ɗan ƙanena da ke lise, wato sakandare, ya ce, "Goggo, ki gode wa Allah ba a CoRoT-7b kike ba." Na ce wace unguwa ce kuma wannan?

Ashe wata duniya ce ta dutse irin tamu, faɗinta ya kai na tamu ɗaya da rabi, tana kewaya wani tauraro can nesa. Na'urar hangen nesa da Faransa ta jagoranci harbawa sama ce ta gano ta, aka sanar a 2009. Ba ma ganin ta aka yi da ido ba. Hasken tauraron ne ke ɗan dusashewa duk sa'ad da ta gifta ta gabansa. Ya nuna mini ƙwaron da ke zagaya fitilarmu ta caji, ya ce kamar haka. Mu da rana kilomita miliyan 150 ne tsakaninmu, ita kuwa tsakaninta da tauraronta ko miliyan 3 bai kai ba. Masana na ganin gefe ɗaya take juya wa tauraron kullum. A wannan gefen rana ba ta faɗuwa, dutse ma narkewa yake kamar dalma, ɗaya gefen kuma dare ne da ba ya wayewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekararta: awa 20 da kusan rabi. Kafin mu kai daga asuba zuwa wata asubar, ita ta gama zagayenta. Na ce to, a can kullum mai gidan haya yana bakin ƙofa, ya zo karɓar kuɗin shekara. Inna ta yi dariya har da tari. Yaron ya buga lissafi a waya ya ce, "Kaka, da can kike, kin doshi shekara 30,000." Ta ce shi ya sa gwiwar nan ta ƙi.

Yanzu duk sun yi barci, wutar shiru. Gobe da sassafe sai na nemo ƙanƙarar saye, in dai ba ta yi tsada ba.