Jan maɓallin hannun dama

A cikin ayyukan da ake kawo mini gareji, babu wanda masu babura suka raina kamar sa wa tsohon babur makashin inji, wato jan maɓallin nan da ke zaune kusa da totur, wanda babban yatsa zai danna inji ya mutu nan take. Mutum zai shigo da shi a aljihu, ya zaro ya miƙo mini, ya ce, "Malam, ɗan maƙala mini wannan in wuce, ai waya biyu ce kawai." Kuma gaskiyarsa, waya biyu ce. Sai dai sanin inda kowace za ta shiga shi ne abin da ake biya na a kansa, ba ɗaure kusoshi biyun da ke riƙe da maɓallin ba.

Sana'ata wayarin ɗin babura ne, kuma tsofaffi sun fi yawa a hannuna, irin waɗanda sun wuce hannu biyar ko shida, kowane mai shi ya bar tabonsa a cikin wayoyin. Ina da yara uku masu koyon aiki. Duk wanda ya zo sabo, sai ya yi watanni yana kallo kafin in bar shi ya yanke waya a kan wannan aikin, alhali tun makonsa na biyu nake barinsa ya canza ƙwan fitila ko ya gyara hon.

Baburan da ba su da wannan maɓalli ba mantuwa aka yi ba, zamaninsu ne bai zo da shi ba. Honda CB750 da ta fito a 1969 tana cikin waɗanda suka zo da shi da wuri, sannan daga 1974 dokar Amurka ta wajabta shi a hannun dama na baburan titi da ake sayarwa a can. Amma ƙananan babura da yawa da aka ƙera don wasu kasuwanni sun ci gaba da fitowa babu shi har shekaru masu yawa bayan nan. A wasu tsofaffin ma, ramin makulli yana can gefe ne, ƙarƙashin tanki ko kusa da kujera. To ka ɗauka wayar totur ta sarƙe a cikin rigarta, inji ya ɗauki kuka, babur yana fizgarka, sannan sai ka saki hannu ɗaya ka sunkuya kana lalube ƙarƙashin tanki. Ko babur ya faɗi da kai, ya danne maka ƙafa, tayar baya tana ta juyawa, fetur yana ɗiga daga kafireta. Ranar irin wannan ake sayen maɓallin dominta, kuma mai yiwuwa sau ɗaya za ta zo a duk zaman mutum da baburinsa.

Abin da nake fara koya wa yarana shi ne, kafin ka san yadda za ka kashe inji, sai ka san inda fuloginsa yake samun wuta. Akwai babur da ke cin wutarsa daga batir: wuta ta taso daga batir, ta bi ta makulli, ta shiga koyil, kwantak ya riƙa buɗewa da rufewa, fulogi ya ba da tartsatsi. Irin wannan, yanke masa hanya ake yi. Ka sa makunni a tsakiyar wayar da ke kai wuta koyil, in an kashe, hanya ta katse, shi ke nan. Akwai kuma wanda ke haifar da wutarsa da kansa daga maganeto, ko mai kwantak ne ko mai akwatin CDI, wato ɗan akwatin lantarki da ke maye gurbin kwantak. Wannan ba ruwansa da batir, ko ka cire ka jefar zai tashi. Shi zubar masa da wutar ake yi: maɓalli ya haɗa wayar wutar da ƙarfen jikin babur, wutar ta bi nan ta salwanta, fulogi ya rasa abin da zai ba da. Kenan maɓallin na farko a haɗe yake muddin ana tafiya, na biyu kuwa a rabe yake sai an danna. Ga ido duk ja ne, duk waya biyu, amma aikinsu kishiyar juna ne.

Wannan darasi da hayaƙi na koye shi. Ina sabon buɗe wurina, aka kawo mini wani tsohon babur mai silinda biyu. A lokacin ƙananan babura masu maganeto na saba da su, hannuna ya riga kaina aiki. Na nemo wayar da ke zuwa koyil, na jona mata maɓalli, ɗaya ƙafar na ɗaure a jikin babur. Na buga kik, inji ya tashi lafiya lau, mai babur yana tsaye yana murmushi. Na danna. Inji ya mutu kam, amma tare da wani ƙauri, sai ga siririn hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin tanki. Ashe baburin daga batir yake ci, ni kuma na haɗa wutar batir kai tsaye da ƙarfe. Da fiyus ɗinsa na nan da shi zai tsinke a huta, to amma wani gwani kafin ni ya naɗe gurbinsa da zaren waya mai kauri. Robar wayar ta narke ta manne da maƙwabtanta tun daga wuyan babur har ƙarƙashin kujera. Kwana biyu na yi ina warware wayarin ina sakewa, ban karɓi ko sisi ba, kuma mutumin bai sake dawowa ba. Ban ga laifinsa ba.

Tun daga ranar na daina yarda da launin waya. Launi yana taimakawa, ba na musu. A Honda, kore shi ne wanda ke zuwa jikin babur, ja daga batir yake, baƙi kuma wutar da ta wuce makulli. Amma dubi baƙa mai farin layi. A Honda mai CDI na maganeto, ita ce wayar kashe inji, ka taɓa ta da ƙarfe inji ya mutu. A tsohuwar Honda mai batir da kwantak, wannan launin dai shi ne ke ɗauke da volt 12 zuwa koyil, ka taɓa shi da ƙarfe ka ga abin da na gani. A Suzuki kuwa, baƙa mai farin layi ita ce ma wayar jikin babur ɗin kanta, ka jona mata maɓalli ka yi ta dannawa har gobe, inji ko gezau. Tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da BSA nasu daban ne, domin da yawansu kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jiki. Wannan duk in wayarin ɗin na asali ne. A babur mai shekara talatin, waya takan fara da shuɗi ta ƙare da rawaya, da ƙulli uku a tsakani.

Shi ya sa mitar auna wuta ce take yanke mini hukunci. Nakan buɗe makulli in auna ƙafar koyil. In na ga wutar batir a wurin alhali inji bai tashi ba, to mai cin batir ne. In babu, sai in koma bayan makulli, in kashe shi, in duba wace waya ce take haɗuwa da jiki in an kashe, ta rabu in an buɗe. Ita ce nake nema, domin abin da makulli yake yi ke nan a irin waɗannan babura, maɓallin kawai zai zama makulli na biyu ne a kusa da yatsa. Ganin kwantak ba hujja ba ne, yana nan a iri biyun. Akwatin CDI ma haka, akwai wanda batir ke ciyar da shi. Minti goma aikin nan yake ci, kuma su ne mintocin da mai babur ya fi ƙosawa a cikinsu, don bai ga ana ɗaure komai ba.

Akwai wurare biyu da nake hana yarana taɓawa ko da wasa. Ɗaya babbar wayar fulogi, wadda ke ɗauke da dubban volt, babu ƙaramin makunnin da zai riƙe ta. Ɗaya kuma babbar wayar batir. Mutane suna zaton in an yanke batir inji zai mutu. Sau da yawa ba ya mutuwa, sai ya ci gaba da wutar da yake haifarwa, wutar kuma ta rasa inda za ta sauka ta hau kan ƙwayayen fitila da na'urar caji.

Ɗaurawar kanta ba ta da wuya, amma a nan ake gane aikin da zai daɗe. Yawancin kawunan babura kaurinsu milimita 22 ne, maɓallin kasuwa yakan zauna daidai. Matsalar tana ga irin maɓallin nan mai waya ɗaya, wanda ke dogara da ƙarfen kan babur ya zama masa hanya. In kan yana da fenti, ko tsatsa ta ci shi, ko a kan roba aka ɗaura shi don rage girgiza, hanyar ba ta da tabbas. Ko babu waɗannan, wutar sai ta bi ta boris ɗin wuya, cikin giris. Yau ya kashe, gobe ya ƙi. Ni kullum sai na ja waya ta musamman daga maɓalli har jikin firam, na kankare wurin ya yi fes, na ɗaure da kusa. Sannan in bar wa wayoyin rara a wuya, in juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, in ga ba su ɗame ba kuma ba abin da ya cije su. Mahaɗa kuma da dalma nake like ta, in sa mata rigar robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da tef, wannan aikin wata uku ne.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini baburinsa, wai duk ranar da aka yi ruwa sai ya riƙa shaƙewa yana tari, rana na fitowa ya warke. An canza masa fulogi, an wanke kafireta sau biyu, an sa sabon koyil. Na buɗe maɓallin da wani ya sa masa, sai ga cikinsa kore shar da tsatsa da laka. Wayar kashe inji ta CDI mai maganeto tana iya ɗaukar sama da volt 100, ɗan danshi kaɗan ya ishe ta ta fara zurarewa. Na zare wayar na ce, "Baba, buga mu ji." Inji ya tashi garau. Ya daɗe yana kallon ɗan abin nan a tafin hannuna, ya ce, "Yanzu wannan ne ya ci mini kuɗin koyil?"

Wasu kuma don ɓarayi suke so, a ɓoye musu shi ƙarƙashin kujera. Ina yi, amma nakan gaya musu wannan wani aiki ne daban, kuma jinkiri kawai yake sa wa ɓarawo. Wanda aka ɓoye ba zai cece ka ranar da totur ya maƙale ba. Mai son biyun, biyu zan sa masa. Haka masu inji mai bugu biyu, irin wanda ke ƙona fetur haɗe da man inji, nakan faɗa musu cewa in iska tana shigar masa ta inda bai kamata ba, yana iya zafi ya ci gaba da gudu ko an ɗauke wa fulogi wuta. In haka ta faru, a ja cok, ko a taka birki da ƙarfi a saki kuloci yana cikin giya ya shaƙe.

Da na gama, ba na miƙa makulli sai mai babur ya hau da kansa. In sa shi ya tayar, ya ɗan murɗa totur, ya kashe da yatsa ba tare da ya kalli hannunsa ba, sau uku. In maɓallin mai komawa da kansa ne in an saki, in nuna masa sai ya riƙe har inji ya tsaya cik, don in ya saki da wuri zai sake kamawa. In mai zama ne inda aka tura shi, in ja masa kunne ya riƙa cire makulli duk da haka, in ba haka ba batir zai kwana yana tsiyaya. Kuma ranar da babur ya ƙi tashi da safe, ya fara duban yatsansa kafin ya fara zagina. Duk da wannan, a watan jiya wani ya turo nasa tun daga gida, rigarsa sharkaf da gumi, yana shigowa ya ce mun lalata masa babur. Ƙaramin yarona ya zagaya ta dama, ya mayar da jan maɓallin inda yake, ya buga kik ɗaya.